Baƙon da Na Buɗe wa Ƙofa

Shagona yana bakin kasuwar Yelwa, a Garwa,
tebur ɗaya, fanka ɗaya, kwamfuta ɗaya.
Ina buga wa mutane takardu:
wasiƙar neman aiki, rasit ɗin albasa,
ƙarar fili, gayyatar suna.
Sirrin rabin unguwa ya bi ta ƙarƙashin yatsuna.

Ran wata Talata na ga manhaja kyauta,
wai tana mai da hoto rubutu kafin ƙiftawar ido.
Kwamfuta ta tambaye ni: ka yarda?
Ta sake tambaya.
Na ce na yarda, har ina jin haushinta.
Kura ce da fatar akuya,
ni kuwa da hannuna na ɗaure ta a turke.

Baƙon bai fasa komai ba.
Gwanin ɓarawo ba ya tari.
Ya sami lungu ya shimfiɗa tabarma,
ya ari sunan wani fayil na gida ya saka kamar riga.
Duk harafin da na danna, ya rubuta.
Duk kalmar sirri, ya soke a aljihu,
ya aika wa ubangidansa
a wani gari da ban san sunansa ba.

Alamu sun zo, ni ne ban karanta ba.
Na'ura ta yi nauyi kamar jirgin yashi a Binuwai,
cikinta na huci, ba aikin fari ba na baƙi,
datar wata ta ƙare a kwana tara,
fitilar kamara na kashe mini ido.
Na ce zafin bazara ne, ai ni ma haka nake.

Sai da Alhaji Garga mai albasa ya zo,
ya tsaya, bai yi sallama ba.
Jaka ɗari uku sun bar asusunsa,
kuma a nan kaɗai ya taɓa buga lambarsa.
Bai ce ɓarawo ba.
Da ma ya faɗa, da na fi samun barci.

Astajam ta zo daga Rumde Ajiya a kan babur,
yarinyar da na taɓa buga wa takardar shiga makaranta.
Kafin ta gaishe ni ta zare igiyar intanet.
Ta ce, Baba, a fara toshe rami, sannan a nemi ɓera.
Ta kashe na'urar, ta tashe ta da ƙofa ɗaya tak a buɗe,
yadda baƙo ba zai farka tare da masu gida ba.
Ta kira sunayen duk abin da ke aiki, ɗaya bayan ɗaya,
kamar malami da rajista,
har ta kai ga wani da ya amsa da muryar aro.

Daga tsaftataccen filas ta sako maganinta, sabon ɗauri.
Awa biyu yana bin ɗaki ɗaki.
Muka sha shayi. Aka kira la'asar.
Ya kamo uku. Ashe baƙon ya gayyato 'yan'uwa.
Ta killace, ta goge, ta sake bincike,
don kaska, in ka bar kanta, ba ka cire ta ba.

Kalmomin sirri kuwa, ta ce, duk sun zama na kasuwa.
Canza su, amma daga wata na'urar.
Gaya wa duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan.
Wannan ya fi komai wuya.
Gida goma sha ɗaya na shiga, hula a hannu.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.
Ina biyan Alhaji jaka ashirin duk wata,
ko da yake bai nema ba.

Jiya kwamfuta ta sake tambayata: ka yarda?
Na gyara tabarau.
Mai jiran takarda ya ce yana sauri.
Na ce zauna, ɗana,
bari in ga ko wane ne a bakin ƙofa.